Baƙauye da Matarsa: Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar sakandare ta karkara ya san irin hidimar da akan sha idan ranar ba da kyaututtuka ta ƙarato. A wata shekara, a wata makaranta da ke can wajejen Dambatta, mun umarci 'yan ƙungiyar Hausa da su shirya ɗan gajeren wasan kwaikwayo a kan manomi da iyalinsa. Ba mu ba su labari ba, muka ce su ƙago da kansu. Ranar gwaji sai ga manomin ya fito da yagaggiyar taguwa, ya ɗaure ƙugu da igiyar rama, hula a karkace, yana tafe yana susa, baki a buɗe. Matar tasa kuwa an lafta mata kwalli har kusa da kunne, an yi mata ɗige-ɗige a kumatu, ta ɗaura zane a baibai, ba ta da aiki sai zumɓura baki da neman kishiyarta da faɗa. Yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da aka natsa sai muka tambaye su, a cikinku wane ne mahaifinsa yake fita haka? Wace ce mahaifiyarta take irin wannan kwalliya? Aka yi tsit. Kusan dukkansu 'ya'yan manoma ne, da yawansu ma sai sun zuba wa awaki harawa kafin su kamo hanyar makaranta. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai haka ake yin baƙauye."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mana yawo a rai. Yaro ya tashi a gidan noma, yana ganin ubansa safe da yamma, amma da aka ce ya kwaikwayi manomi sai ya tsallake uban nasa ya je ya aro wani mutum dabam wanda ya gani a akwatin talabijin. To, daga ina wannan mutum ya fito, kuma wa ya aura masa wannan mata?

Tun da farko ya kamata mu yi wa kafofin watsa labarai adalci, domin ba su ne suka ƙago raini tsakanin birni da ƙauye ba. Tun zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwar Kano da almuru ɗan birni yake yi wa na waje kallon wanda kansa bai waye ba, shi kuma na ƙauye yana yi wa ɗan birni kallon mayaudari, ci-ma-zaune. Labaran barkwanci na Bamaguje da Bafulatani da Bagwari sun girmi rediyo nesa ba kusa ba. To amma wancan wasa ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, irin na taubasai. In ka jefi Bafulatani da magana a kasuwa, yana tsaye a gabanka da sandarsa, zai rama nan take, sau da yawa ma tasa ta fi taka zafi, 'yan kallo su koma yi maka dariya. Abin da na'ura ta zo da shi shi ne raba mai zolaya da wanda ake zolaya. Hoton da aka haska a jikin farin ƙyalle ba ya jin raddi, akwatin rediyo kuma ba a mayar masa da magana.

Na'urar farko da ta shiga ƙauyukanmu da hoto mai motsi ita ce majigi. Wani Bature jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, shi ya fara amfani da fim wajen wa'azin tsafta tun ƙarshen shekarun 1920, kuma da aka kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da Ingila take mulka a 1939, shi aka ɗora a kai. Ra'ayin mutumin nan a fili yake, cewa mutumin karkarar Afirka ba zai iya bin fim mai sarƙaƙiya ba, saboda haka a yi masa komai sannu-sannu, a maimaita, kada a haɗa masa abu biyu a lokaci guda. Daga nan aka sami wani salo da aka yi ta nanatawa, wato a kawo mutum biyu, ɗaya mai wayo ɗaya wawa. Mai wayo shi ne wanda ya bi maganar malamin gona ko malamin tsafta, ya kai kuɗinsa asusu, ya kai ɗansa asibiti, ya ƙare da sabon keke. Wawa kuwa shi ne wanda ya tsaya a kan abin da ya gada, ya ƙare da asara. Mota takan iso gari da la'asar, a kafa ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, bayan isha'i tafinta ya ɗauki lasifika yana fassara, yana ƙara gishiri. Jama'a su yi dariya, ba tare da an tsaya an lura cewa kayan da ke jikin wawan nan, da garmarsa, da rumbunsa, irin nasu ne ba. A tsakiyar shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa take da nata sashen fina-finai, aka yi "Baban Larai" domin koyar da noman zamani, musamman na auduga, wanda dattawa har yanzu suke tunawa da shi. Abin lura, sunan Larai ne a kan fim ɗin, amma darasin na babanta ne.

A nan ne tarihi yake ba da dariyar da ta fi ta majigin. Wannan manomi da aka zo koya wa wayo, shi ne wanda ya riga ya ba Turawa mamaki tun kafin a haifi masu motar majigin. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatan Turawa shi ne ya riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga auduga tana da kasuwa a gida wajen masu kaɗi da saƙa, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi, ga ta ana ci idan shekara ta ɓaci, ga harawa domin dabbobi. Suka shuka gyaɗa. Daga 1912 gyaɗa ta fara cika tashar jirgi har ta fi ƙarfin taragun da ake da su, kuma daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Ba wani malamin gona da ya tsara wannan. Haka nan a shekarun 1960, da Michael Mortimore ya yi bincike a wannan yanki namu mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, abin da ya tarar shi ne gonaki da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba, saboda taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye. Ya ga jerin jakuna suna shiga birni da itace suna fitowa da taki. Shi kansa haɗa amfani a gona ɗaya, wanda aka daɗe ana yi wa kallon rashin tsari, masu bincike a Samaru irin su David Norman sun dawo sun nuna cewa dabara ce ta rage kasada da samun amfani mai yawa daga ƙaramar gona. Amma binciken jami'a a kan kanta yake kwana, majigi kuwa a dandali.

Sai kuma wata kalma da ta zo ta manne wa baƙauye kamar ƙaska, wato "jahili". Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya yi alheri mai yawa, kuma ba za mu zama masu butulci ba, domin ta dalilinsa dubban mutane suka iya karanta "Gaskiya Ta Fi Kwabo", wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939, da "Sodangi" ta lardin Kano. Sai dai sunan gangamin ya bar tabo. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe lissafin bashi a ka, rana ɗaya ya wayi gari an sa shi a layin jahilai domin bai san baƙaƙen boko ba. Ba kowa ne ya tafi a kan wannan turba ba. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1930, ya shirya wasan "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?", inda abin zargin shi ne ɗan kasuwar birni mai cutar mutanen karkara. Wato tun wancan lokaci akwai wata hanyar, ba a dai bi ta da yawa ba ne.

Yanzu bari mu waiwayi matar. A majigi kusan ba ta da baki, tana can gefe da tulu ko da goyo. Bakinta ya buɗe ne a wasannin rediyo da na littattafai, kuma da ya buɗe ɗin, sai aka sa mata abin da za ta faɗa. Mu dubi wasannin da muka karanta a aji, muka kuma koyar da su shekara da shekaru. A "Jatau Na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi, mace ce mai zaman kanta ta shigo gidan attajiri ta kai shi ƙasa. A "Zamanin Nan Namu" nasa, ga 'yar talla da tarbiyyarta ta lalace. "Uwar Gulma" sunansa kaɗai ya isa. Ba muna cewa waɗannan wasanni ba su da daraja ba ne; Maƙarfi gwani ne wajen kama maganar mutane yadda take, kuma abin da ya nuna yana faruwa. Damuwar ita ce ramukan da aka haƙa wa mace 'yan kaɗan ne: ko mai haƙuri da ake zalunta, ko kishiya mai makirci, ko tsohuwa mai kai gulma da zuwa wajen boka, ko karuwa. Duk marubucin da ya biyo baya sai ya tarar da ramukan a haƙe, ya jefa tasa a ɗaya daga ciki. Kuma kada mu manta su wa suka fi sauraro. Bayan da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ƙaramar rediyo mai batir kuma ta yi araha, mata da ke cikin kulle su ne suka fi kowa zama da ita, tana kan turmi ko a bakin murhu tun safe har dare.

Ita kuwa matar ƙauyen Kano ta ainihi, wani labarin ne. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da ƙetaren Sahara, ya kuma lura cewa a cikin gidaje ake wannan sana'a. To, kowane zare da masaƙan Minjibir da sauran garuruwa suka ɗora a kan masaƙa, mace ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari. A gandayen sarauta irin na Fanisau, a nan arewa da birni, mata bayi sun yi aikin gona kafaɗa da kafaɗa da maza a ƙarni na 19. Masana irin su M. G. Smith sun nuna cewa yaɗuwar kulle a karkara yana da nasaba da mutuwar bauta, wadda Turawa suka fara yi wa doka a 1901 suka kuma haramta ta gaba ɗaya a 1936. Macen da ta sami 'yanci sai ta bar gona ta shiga gida, domin a wancan lokaci fita noma alama ce ta baiwa. Ke nan zaman gidan da ake nunawa kamar haka abin yake tun fil azal, shi ma yana da ranar farawa a ƙauyuka da dama. Matan Maguzawa kuwa ba su bar gayaunarsu ba.

Kuma shiga gida bai zama zaman banza ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta Katsina, daga baya kuma a Dorayi ta Kano a farkon shekarun 1970, ta rubuta a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, wato kasuwa sukutum da take ci a bayan katanga, yara suna kai da kawowa. Mu da muka tashi a ciki ba ma bukatar Baturiya ta gaya mana. Mun san wadda take sayen gyaɗa da kaka ta adana, ta soya, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli. Mun san mai daddawa, da mai fura, da mai saye da sayar da hatsi da mudu a cikin ɗakinta, wadda farashinta wani lokaci shi ne farashin unguwa. Mun san cewa yawancin awaki da tumakin da ke ɗaure a tsakar gida na mata ne, kuma kashinsu ne takin da ke riƙe da gonar maigida. Mun san adashi, da biki, da kwanonin da ake jerawa a matsayin ajiya. Mun san magidanta da yawa da matansu suke ba su rancen kuɗin taki da bazara, a biya da kaka, ba ragi. Ina wannan mata a cikin wasanninmu? Abin mamaki, masu kallo a Kano sun yi shekaru suna cika gidajen silima domin "Mother India" na 1957, labarin matar ƙauye da ta ja garma da kafaɗarta ta yi fama da mai ba da bashi da ruwa. Mun yi wa baƙauyiyar Indiya kuka, tamu kuwa muka ajiye ta domin dariya.

Da bidiyo ya zo, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990, sai hoton ya bar dandali ya shige har ƙuryar ɗaki. A nan dole a ambaci marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda aka haifa a Ɗanlasan a 1971 ya rasu a watan Disamba na 2014. Sha'anin Ibro yana da wuyar yanke wa hukunci, kuma duk wanda ya yi masa kuɗin goro bai kalle shi da kyau ba. Shi kansa ɗan ƙauye ne, ya san maganar daga tushe, kuma sau da yawa baƙauyen nasa shi yake yin nasara, ya shiga birni a raine ya fito ya wanke Alhaji tas, kamar Gizo a tatsuniya. Shi ya sa mutanen ƙauye suka fi kowa son sa. Matsalar ta taso ne daga masu kwaikwayonsa, waɗanda suka ɗauki hular da yagaggiyar rigar suka bar wayon. Su ne suka haifi manomin da ɗalibanmu suka fito da shi.

Ta ɓangaren mata kuwa, sai aka sami wani labari da aka yi ta juyawa a littafi da fim har ya gaji. Yarinya ce a ƙauye, ƙazama, mai tsiwa, ba ta san yadda ake buɗe famfo ba. A kawo ta birni aikatau ko riƙo. A yi mata wanka, a sa ta makaranta, a canza mata suna daga na kakarta zuwa wani mai daɗin faɗa. Sai ga ta ta zama tauraruwa, ɗan masu gida da ya tsane ta jiya yau yana rawar jiki. Mai karatu yakan ɗauka an ɗaukaka 'yar ƙauye ne, alhali abin da aka gaya mata shi ne ba za ta zama mutum ba sai ta daina zama abin da take. Ko Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda muke cire wa hula saboda "Wa Zai Auri Jahila?" na 1990, inda ta tsaya tsayin daka a kan cire yarinya daga makaranta a yi mata auren dole, da Abu ta tashi tsira sai da ta gudu zuwa Kano. Ba ma ganin laifinta, domin ta rubuta abin da ta sani ne, kuma a wancan lokaci makarantar da za ta karɓi irin su Abu a birni take. Amma idan littafi ɗari suka bi hanya ɗaya, kowanne ƙauye ne wurin ciwo birni ne wurin magani, to yarinyar da take karantawa a Kunci ko Makoɗa ko Tsanyawa ta gama fahimtar inda aka ajiye ta.

Mun ga sakamakon da idonmu. Mun ga ɗalibar da aka tambaye ta garinsu a wajen gasar kacici-kacici ta ce Kano, alhali daga ƙofar gidansu ana hango rumbuna. Mun ga yaran da suke gyara harshensu idan baƙo ya shigo aji, suna gudun kalmomin da iyayensu suke faɗa, waɗanda da yawansu Hausa ce tsantsa da birni ya manta. Mun ga saurayin da ya ƙi karɓar gonar gado ya tafi birni tura baro, ba don ya fi samu ba, sai don kada a kira shi da sunan nan. Alhali hatsin da ke cika kasuwar Dawanau, wadda 'yan kasuwa suke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru domin ta, ba a kan kwalta ake shuka shi ba.

Tun daga 2014 da aka buɗe tashar Arewa24, wasanni masu dogon zango sun ba da fili a ga mutum yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma an sami mata a cikinsu da ba su faɗa ko ɗaya daga tsofaffin ramukan nan ba. Wayar hannu kuma ta kawo abin da majigi bai taɓa bayarwa ba, domin yanzu yaro a Bici ko Gezawa yana iya ɗaukar kansa ya sa a TikTok duniya ta gani. Sai dai abin takaici, da yawansu da suka sami wannan dama, igiyar rama suka nema suka ɗaure ƙugu, domin sun lura ita ce take kawo masu kallo.

Shekarar da ta biyo bayan wancan gwaji, mun sake ba 'yan ƙungiyar aiki, amma da sharaɗi ɗaya, cewa duk wanda za a fito da shi a wasan sai wani a cikinsu ya san mai irin halinsa ido da ido. Suka sha wuya ƙwarai, har wasu suka ce wannan ba wasa ba ne tunda ba abin dariya. Daga ƙarshe wata yarinya 'yar aji biyar ta kawo labarin wata mai daddawa da ta ranta wa mijinta kuɗin taki daga adashinta, kaka ta yi ya fara kwana-kwana, ita kuwa ta kai ƙararsa wajen yayansa, ta ce ba za a taɓa buhu ko ɗaya ba sai an fitar mata da nata. Ranar taro iyaye suka cika filin makaranta, maza a gaba, mata a baya ƙarƙashin darbejiya. Da aka zo wurin da ake lissafin bashin, yarinyar da ta fito a matsayin mai daddawa ta yi kuskure, ta rage wa kanta mudu biyu. Kafin mu ankara sai muka ji murya daga can baya, wata tsohuwa ta miƙe tsaye tana nuna ta da carbi tana cewa, "Ke 'yar nan, sake ƙirgawa, zai cuce ki!" Sai da aka dakatar da wasan aka sake lissafin a gaban kowa, sannan ta zauna.